Katin da Kika Sa wa Kwamfutar Babanki

Zuwa ga ɗiyata Ummi, a Fatakwal.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ki daga Ƙanƙara da gaisuwa irin ta uwa, tare da fatan wannan takarda ta iske ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da 'yar jikata da har yau a hoto kawai na san ta. Mu nan lafiya lau muke. An yanke gero, dawa ta sunkuyar da kai, ciwon gwiwar nan kuma ya yi sauƙi.

Bayan haka, ina da maganar da na ɓoye maki. Na zaɓi in rubuta ta a wannan shafi da kika buɗe mani, inda ƙawayenki da matan ajinmu ke leƙowa, don na san halinki. In ta waya na faɗa maki, sai kin yi mani faɗa kamar ke kika haife ni. A gaban jama'a kuwa za ki ji nauyi.

Wata biyu ke nan duk sanda kika tambaye ni ya kwamfutar Malam, babanki, take, nakan ce lafiya lau. Ba gaskiya na faɗa ba. Ta yi ciwo, ni kuma na ja mata. Yanzu ta warke, shi ya sa bakina ya buɗe.

Kin fi ni sanin asalinta. Ofishin da babanki ya yi aikin buga takardu ne suka yi gwanjon tsofaffin kayansu, ya ɗauko ta a bayan babur, da allonta mai ƙaton ƙeya. Bayan ya bar aiki, kullum da hantsi yana gabanta yana ƙwanƙwasa. In na kawo mashi kunu na tambayi abin da yake rubutawa, sai ya ce, "Labarin gidanmu ne. Har ke kina ciki." Ni a lokacin baƙaƙen boko duk ɗaya suke a idona, kamar tururuwa a kan farin zane. Nakan yi dariya in koma madafa.

Da Allah ya karɓi abinsa, na fita takaba, sai wannan magana ta hana ni sukuni. Ina ciki, amma ban san me aka ce a kaina ba. Kin sha cewa in zauna ki karanta mani, na ƙi. Ba na son wani baki ya shiga tsakanina da shi, ko da naki ne. Abin da ya kai ni ajin yaƙi da jahilci ke nan da furfura a kaina, ina riƙe fensir kamar muciya.

Kafin ki tafi kin ga yadda kwamfutar ke jan jiki, a kunna ta a ɗora ruwan shayi ya tafasa ba ta gama farkawa ba. Kika nemo mata wani kati daga kasuwar tsofaffin kaya, kore, mai haƙora ruwan zinariya a gindi da 'yar fanka a goshi. Kika ce sabuwar ƙwaƙwalwa ce a jikinsa. Kika cire tsohuwar ƙwaƙwalwar, kika sa a ambulan tare da wata 'yar takarda, kika ce, "Inna, ko gidan nan zai tashi, kada wannan ya ɓata." Na jefa shi cikin kwallar da ke can ƙasan kabad.

Katin ya yi aiki, Allah ya yi maki albarka. Sama da shekara ina zama inda yake zama, a lokacin da yake zama, ina bin layi da ɗan yatsa. Rabin shafi nake ci a rana, wani lokaci ma bai kai ba. Na bi kakanninku daga Tafoki. Na ga yadda kakanki ya koma Daudawa noman auduga da jaki ɗaya da mata mai ciki. Na san kuma babin da ke gaba, don na taɓa gangarawa na leƙa kansa, na yi maza na dawo. Kalma ɗaya ce: Sabuwa. Garinmu. Nan nake.

Akwai abin da nake yi wanda ban taɓa gaya maki ba, don ban ɗauke shi abin faɗa ba. Kin san duk Juma'a ni ke turara wa Malam babbar rigarsa kafin ya tafi masallaci. Da aka raba rigunan, Juma'a ta zo, na zuba garwashi a kasko na tsaya tsakar ɗaki ban san inda zan kai shi ba. Sai na tura shi ƙarƙashin teburin kwamfutar, na lulluɓe ta da atamfa kamar yadda ake yi wa tufafi. A kunne nake barinta, don ina son ganin yadda take jan hayaƙin ta 'yan ramukan jikinta, kamar mai numfashi. Daga nan ya zama al'ada. Juma'a ba ta wuce ni.

Ina tsakiyar babin Daudawa ciwon ya fara. Ina cikin karatu sai komai ya sandare, in danna nan in danna can, ko gezau. In na kashe ta ta huta, sai ta tashi kamar ba ita ba. Da farko takan ba ni awa guda. Sai ta koma rabi. Daga baya kafin in gangara zuwa inda na tsaya jiya, ta riga ta daskare. Shafi biyu suka rage in shiga Sabuwa.

Ummi, ba na son ki san irin tunanin da na yi a kwanakin nan. Na tuna kin ce rubutun nan babu shi ko'ina sai cikinta, sai kin zo da wata waya za ki kwafe shi. Na ce shi ke nan, na yi shekaru ina koyon karatu don shafukan nan, ga shi na zo bakin ƙofa an rufe. Ko tuwo na sa a baki sai in ji kamar ƙasa.

Na fara zargin wuta. Na daina kunna ta in an kawo, na koma kan batirin sola. Ba ta canza ba. Na zare wayoyin baya ɗaya bayan ɗaya na hure su na mayar. Ba ta canza ba.

Gwaggonki Asabe ta zo ta iske ni zaune gaban baƙin allo. Kin san ta da ni, tun ina amarya a gidan yayanta ba ta bar ni na sha ruwa da daɗi ba. Ta ce, "Ke da kike shelar kin iya boko har a gidan suna, me kike jira? Kambun baka ne ya kama akwatin." Washegari ta dawo da wani ƙullin turaren magani, ta ce a yi mata hayaƙi safe da yamma kwana bakwai. Muka yi. A rana ta bakwai ko sunan babin ba ta bari na gani ba.

Na sa aka tambayi masu gyaran waya na bakin kasuwa. Suka ce irin wannan ko iyayensu ba su taɓa buɗe ta ba. Wani dattijo mai gyaran rediyo ne ya ce a nemi Malam Isuhu a Faskari, shi ke duba kwamfutocin ofisoshi tun zamanin da ake shigo da su.

Kin san ni da hanya, kin kuma san yadda hanyar ta zama. Kwana uku ina cewa gobe. A na huɗu Asabe ta zo da mayafinta a kafaɗa ta ce, "Tashi, matsoraciya. In an tare mu, ni za a ɗauka, ke wa zai iya ciyar da ke?" Na naɗe akwatin a bargo, muka bar allon a gida. Har mun kai zaure na koma na ɗauko ambulan ɗin nan. Mai fargaba ba ya barin komai a baya, wannan karon kuma ta yi mani rana.

A mota a cinya na rungume ta. Duk ramin da muka faɗa sai na ce bismillah a madadinta. Wata mata da ke gefe ta leƙa bargon ta ce Allah ya ba yaron lafiya. Asabe ta amsa da amin, ko murmushi ba ta yi ba.

Shagon Malam Isuhu ɗan ƙarami ne, ya cika da gawarwakin rediyo da talabijin. Shi kuma tsoho ne siriri, tabaransa ƙafa ɗaya an ɗaure da zare. Da na ambaci sunan babanki sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya yi mashi addu'a, ashe sun san juna a wurin aiki. Ya dubi akwatin ya ce, "Wannan ai ni na fara kunna ta ranar da aka kawo su." Ban san sanda hawaye ya zubo mani ba.

Ya haɗa ta da wani allo nasa, ya kunna, ya cire agogon hannunsa ya ajiye a gefe. Bai taɓa komai ba. Asabe ta gaji ta ce ko kallo muka zo. Ya ce, "Hajiya, likitan kirki sai ya ga yadda ciwo ke tashi." Ba a daɗe ba ta sandare a gabansa. Wallahi har wani daɗi na ji, don na ji tsoron kada ta ƙaryata ni a gaban mutane.

Ya kwance murfin da sukundireba. Ya fara da akwatin wutar da ke ciki, ya gwada shi da wata mita mai allura, ya ce wannan lafiyarsa ƙalau. Ya zare wasu 'yan sanduna biyu, ya ce su ke riƙe abin da ake aiki a kai, ya sa nasa, ya sake kunnawa. Muka jira. Ta sake sandarewa. Ya mayar da namu.

Ni dai na ƙosa. Na ce ya canza duk abin da ke canzuwa a huta. Abin da ya ce mani na riƙe shi har yau: "Abu ɗaya-ɗaya ake taɓawa. Wadda ta zuba gishiri da kanwa a tare ba ta sanin wanda ya ɓata mata miya."

Sai ya nuna katinki ya ce wannan baƙo ne a gidan, ina mai gidan na asali? Na miƙa mashi ambulan. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce a shekarun da ya yi yana wannan aiki ba a taɓa zuwa mashi da tsohuwar ƙwaƙwalwa a jaka ba. Ya cire katin, ya dasa tsohuwar a mazauninta, ya matsar da wasu 'yan huluna baƙaƙe, ƙanana kamar ƙwayar wake, daga wannan tsinke zuwa wancan. Ya kunna.

Ta tashi da nawarta ta da. Muka yi sallar azahar, muka ci ɗanwaken da Asabe ta sayo, muka dawo tana nan a farke. Malam Isuhu ya ce, "Rubutun mijinki bai taɓu ba, Hajiya. Ciwon a katin yake." Ummi, na ji kamar an sauke mani tulu daga ka.

Na ce to a bar ta haka, ni ma ba sauri nake ba. Ya ce zai iya, amma yana son ya san abin da ya kashe katin, don abin da ya ci wannan zai ci wancan. Ya ɗaga shi wajen haske, ya tura 'yar fankar da farce. Ta ƙi juyawa. Ya dangwali gefenta, wani abu baƙi mai danƙo ya biyo yatsansa. Ya shinshina. Ya sake shinshinawa. Sai ya ce, "Ikon Allah. Wannan kati ya fi amarya ƙamshi."

Nan na faɗa mashi komai, kaina a ƙasa, da kaskon da atamfar da Juma'o'in. Ya bayyana mani cewa turaren wuta da sukari da mai ake haɗa shi, hayaƙinsa kuwa in ya huce danƙo yake zama. Fankar ta yi ta jan shi har ya ɗaure ta. Sabuwar ƙwaƙwalwar tana da zafin jiki, in babu mai yi mata fifita sai ta suma. Tsohuwar ba ta gudu, shi ya sa ba ta neman fifita. Atamfar kuma ta toshe mata inda za ta fitar da zafin.

Na juya wajen Asabe ina jiran abin da za ta ce. Ta gyara ɗaurin kallabi ta ce, "Ni kwana bakwai kawai na yi. Wannan ɓarnar ta shekara ce." Malam Isuhu bai yi mani dariya ba. Ya ce kawai, "Ba ke kika fara kashe abu da so ba."

Ya ɗauko sifirit da tsohon buroshin haƙori ya wanke fankar fiffike bayan fiffike, har audugar da yake gogewa da ita ta koma kalar jar kanwa. Ya ɗiga mata ɗigo ɗaya na man keken ɗinki a cibiya. Ya hura, ta juya kamar ba ta taɓa tsayawa ba. Haƙoran zinariyar nan ya goge su da robar goge fensir, irin wadda ke cikin jakar ajina. Ya kankare wani busasshen farin abu a bayan ƙarfen da fankar ke zaune a kai, ya shafa sabo. Ya cire tsohuwar ƙwaƙwalwa, ya danna katin a gurbinsa, ya kunna.

Allo baƙi. Sai wani kuka, ƙit, ƙit, ƙit, kamar ɗan tsako a cikin rijiya. Na dafe ƙirji. Na ce shi ke nan, da an bar ta yadda take.

Ya leƙa cikinta, sai ya bugi goshinsa ya ce tsufa ya zo. Ya manta bai mayar da 'yan hulunan nan inda kika sa su ba, ya kuma manta inda suke. Ya zazzage ambulan, takardarki ta faɗo. Ya kai ta kusa da ido, ya kai ta nesa, ya ce wannan rubutu na ɗiyarki sai mai idon shaho. Ya fara waige-waigen wanda zai kira daga waje.

Na ce ya kawo. Na karanta a fili, a gaban Asabe: in kati ne a ciki, hula ta farko a kan tsinke na ɗaya da na biyu, ta biyu a kan na biyu da na uku. Ya bi abin da na faɗa. Ya kunna. Ta tashi fes, da saurinta. Asabe ta ce, "To, an yi boko," ta kau da kai. Daga bakinta wannan kirari ne.

Ya so a bar ta a kunne har yamma don ya tabbatar. Ni kuwa idona na kan inuwar bango, don ba na son la'asar ta same mu a Faskari. Muka raba: ya bar ta awa guda da rabi, yana kai bayan hannunsa kusa da katin lokaci-lokaci yana cewa sanyi ƙalau. Cikin wannan jiran ya tono wasu tsofaffin faya-fayai guda biyu masu kusurwa huɗu ya kwafe rubutun Malam a kansu. Ya ce abin da ke wuri ɗaya aro ne. Ɗaya yana cikin kwallata, ɗaya na ba Asabe ta ajiye a gidanta. Mun shigo Ƙanƙara rana na da saura.

Yau mako uku ba ta sandare ba ko sau ɗaya. Na daina lulluɓe ta in tana aiki. Kaskon Juma'a ya koma ɗakina.

Na shiga Sabuwa, Ummi. Shafi huɗu ne, na yi kwana tara a kansu. Ba zan zuba abin da ke ciki a nan ba, idanu sun yi yawa, wani abin kuma ko ke sai kin ƙara girma. Zan dai ce maki mutumin nan da ya yi shekara talatin ba ya cewa miya ta yi daɗi, ashe yana lura da komai. Har zanen da na ɗaura ranar da ya fara zuwa gaishe da babana ya tuna.

Abu ɗaya ya kuskure. Ya rubuta cewa a gindin tsamiyar ƙofar gidanmu aka shimfiɗa mashi tabarma. Babu tsamiya a ƙofar gidanmu, ba a taɓa yi ba. Na kwana biyu abin yana cina. Da yana nan da mun yi musu har kunu ya huce, ya ƙi yarda, in kira Asabe shaida ta goyi bayan ɗan'uwanta.

A rana ta uku na kai 'yar sandar nan mai ƙyaftawa a kan allo ƙarshen layinsa. Ban goge mashi ko baƙi ɗaya ba. Na sauka ƙasa, na nemo haruffan da yatsa ɗaya, na rubuta: Malam, ɗorawa ce, ba tsamiya ba. Na adana kamar yadda kika koya mani. Na zauna ina dariya ni kaɗai, har maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta tambayi ko baƙi na yi.

Da sauran shafuka da yawa a gaba. Ban kai haihuwarki ba tukuna, ta yiwu sai bayan sallah. In ya kuskure a can ma zan gaya mashi, don ni na san ranar fiye da shi.

Ki yafe mani ƙaryar wata biyu. In za ki yi faɗan, ki kira bayan azahar, na shirya. In Allah ya kawo ki, ki zo da wayar kwafewar, ki kuma taho da rana tsaka, kada ki yarda direba ya tsaya ɗaukar kaya a hanya. Ki rufe wa yarinyar nan kai in za ku fita, na ga hoton da kika sa, ko hula babu.

Allah ya jiƙan babanki, ya haskaka makwancinsa. Allah ya saka wa Malam Isuhu da alheri, ya ƙara mashi hasken ido. Allah ya tsare ki a inda kike, ya raya abin da kika haifa, ya kawo mana zaman lafiya a hanyoyinmu, ya nuna mani fuskarki ina da sauran ƙarfi. Amin.

Gwaggonki na gaishe ki, ta ce a gaya maki ita ta gyara kwamfutar.

Ni ce mahaifiyarki, da hannuna na rubuta,
Inna.